Babur Bai Lalace Ba

Kula mai shuɗin murfi. Ƙanƙara a leda, rabi ta fara komawa ruwa. Kwalaben riga-kafin awaki. Sirinji da allurai. Gorar ruwa. Takalmin roba. Sai anko ɗinkakke, a goge, a ninke cikin baƙar leda.

Abin da Bahijja ta ɗauko ke nan daga Kazaure. Kular na kan cinyarta, ta rungume ta da hannu biyu, babur na ta tsalle da su a hanyar da ta bar Roni ta nufi Gwiwa. Ranar bazara ta riga ta ɗaga, tana dukan murfin kular kamar da gayya.

"Likita, wayar nan taki fa tun daga Roni take kuka," in ji Sama'ilu ɗan acaɓa, ba tare da ya waiwayo ba. "Ko maigidan ne?"

"Ba ni da maigida. Tuƙa."

"To, mai shirin zama..."

"Tsaya a inuwar darbejiyar can. Kada ka kashe babur ɗin."

Ta yafa gefen mayafinta a kan kular, sannan ta ɗauki wayar.

"Bahi na! Hasken idona, kina ina?"

"A hanya."

"Wace hanya kuma? Ba na ce ki jira ni ba? Ga ni nan zuwa!"

"Da asuba haka ka ce. Da hantsi ma haka ka ce. Kana ina, Musaddiƙ?"

Can bayansa ta jiyo ƙarar motoci, da dariyar mace. Ta san dariyar.

"Ina... Ɗambatta. Wallahi ba laifina ba ne, rabin raina. Mai yi wa amarya kwalliya ce motarta ta ƙi tashi, Hajiya ta ce in zo da Nafisat mu ɗauko ta. Yanzu-yanzu zan sauke su Babura in juyo."

Yau ne yinin bikin ƙanwarsa a Babura. Shi da bakinsa ya tsara yadda za a yi: zai zo da mota da an idar da sallar asuba, ya kai ta rugar kakarta a bayan Gwiwa, ta yi wa awaki allura da sanyin safiya, ta sa ankonta a can, kafin azahar suna Babura. Ta yarda. Ta fitar da maganin daga firji, ta zauna a ƙofar gida tana jiran mota har gari ya waye sarai, har yara suka tafi makaranta.

"Ki juya, don Allah," ya ce, ya sassauta murya. "Hajiya ta tara dangi kaf, so take ta nuna ki. Asabar mai zuwa fa magabatana za su je wurin Baffanki sa rana. Kada ki ɓata mana abin nan saboda awaki. Awaki za su jira gobe."

"Awaki za su jira. Ƙanƙara ce ba za ta jira ba. Na aika wa mata su tara dabbobinsu yau, sun hana su kiwo tun safe. Ciwon awaki ya riga ya shiga rugar da ke kusa da su."

"Bahi..."

"In na gama da wuri zan zo. In ban gama ba, ban zo ba."

Ta kashe wayar.

"Mu je," ta ce da Sama'ilu.

"Allah Ya ba da haƙuri," ya ce, ya ja babur. Ba ta tambaye shi wa yake ba haƙurin ba.

*

Firji ne ya haɗa su. Na ofishinsu ya mutu a tsakiyar zafi, magani na ciki, aka ce ta kira Musaddiƙ mai shagon sola a bakin titin Daura. Ya ce yana zuwa da safe. Sai la'asar ya zo, yana dariya yana ba da haƙuri, wai wani tsoho ne ya tare shi a hanya ya kai shi asibiti. Ta buɗe baki za ta wanke shi, sai ta ga ya tuɓe agogo, ya kwashe maganin kaf ya kai firjin shagonsa, ya dawo ya haye rufi, bai sauko ba sai da abin ya tashi.

Duk Kazaure ba wanda zai ce Musaddiƙ ya taɓa ce masa a'a. Mai naƙuda, mai kai gawa, mai neman rakiya kasuwar Babura, kowa motarsa ce. Abin da ya sa ta so shi ke nan. Sai daga baya ta lura cewa mutumin da kowa ke da rabo a yininsa, wanda bai iya ihu ba shi ke samun saura.

Ita kuwa ba ta ihu. Shekarun da ta yi a Sudan tana karatun likitancin dabbobi sun dawo da ita da hali guda da ke ba mutane haushi: ba ta cewa "ban samu dama ba." Abin da za ta yi, takan ce za ta yi. Wanda ba za ta yi ba, takan ce ba za ta yi ba. Baffanta ya yi faɗa har ya gaji.

Nafisat kuma 'yar ƙanwar Hajiya Tasalla ce, mahaifiyar Musaddiƙ. A ɗakin Hajiya ta girma, kuma tun tana ƙarama dangi suka gama yanke wa za ta aura. Ba ta taɓa zagin Bahijja ba. "Aunty Likita" take ce mata, da murmushi. Sai dai duk ranar da Musaddiƙ ya sa zai zo zance, a ranar ce gas ɗin Hajiya ke ƙarewa, ko tela ya riƙe ɗinki, ko wata gwaggo ta buƙaci a kai ta Yankwashi gaisuwar mutuwa.

*

Rana na tsaka suka isa rugar. Mata sun cika gindin tsamiya, kowace riƙe da igiyoyi, awaki na ta kuka da yunwa. Wasu sun taho daga nesa da goyo a baya.

Inno ce ta fara tarar ta. Kakarta ce ta wajen uwa, ita ta raine ta, doguwa, siririya, bakin nan ba ya hutawa.

"Ja'ira, sai yanzu? Ina angon nawa? An ce a mota za a zo, har na yi wanka na sa kwalli."

"Yana zuwa, Inno."

"Yana zuwa! Tun kaka yake zuwa. Ko da ƙafa ya taho daga Makka ai ya ci ya iso."

Mata suka kwashe da dariya. Bahijja ba ta yi ba. Ta sa takalmin roba, ta buɗe kular a inuwa, ta tura hannu. Ƙasan da sauran sanyi. Kwalaben da ke sama kuwa sun yi ɗumi. Ta ware su gefe, ba za ta tsira wa dabbar mutane ruwan banza ba.

"Ku jero su. Mai majina ko zawo a ware ta can, kada ta haɗu da sauran."

Ta fara. Sama'ilu ya ajiye babur ya shiga kamun awaki, wani bunsuru ya kai shi ƙasa, mata suka yi masa guɗa. Ta yi ta tsira allura, gumi na shiga mata ido. Aka kira azahar, ta yi salla a tsaye-tsaye ta dawo. Aka kira la'asar tana kan yi.

Maganin ya ƙare kafin awakin su ƙare.

Wata mata mai suna Dela, wadda ta taho daga mafi nisa ta kuma zo ƙarshen layi, ta tsaya da awakinta tana kallon kular.

"Babu saura, Likita?"

"Akwai, amma zafi ya lalata shi."

"To nawa fa? Su ne fa abin da zan yi wa yarinyata kayan ɗaki."

"Zan dawo da wani. Ki ware su, kada su sha ruwa wuri ɗaya da na rugar can."

Dela ta ja igiyoyinta ta juya. Bahijja ta bi bayanta da kallo. Da motar ta zo da asuba, da kwalaben nan sun isa kowa.

Tana wanke hannu wayar ta sake kuka. Nafisat ce.

"Aunty Likita! Ga Hajiya nan kusa, ga su Gwaggo duka, na buɗe muryar kowa na ji. Tun ɗazu ake ta tambayar ki, an ajiye miki wuri kusa da amarya..."

Kiɗa na tashi a bayanta, da hayaniyar mata. Sai muryar Hajiya Tasalla, a natse.

"Bahijja, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ina wuni. Allah Ya sanya alheri."

"Amin. Ba mu gan ki ba."

"Ayya, Hajiya, aiki ne ya yi mata yawa," Nafisat ta tsoma baki, muryar nan kamar zuma. "Ba ki samu lokaci ba ko, Aunty? Faɗa musu mana."

Ga ƙofa an buɗe mata. Kowace mace a Babura ta san abin da ake cewa a nan: wallahi na so zuwa, Allah ne bai yi ba. A ce ayya, a wuce wurin. Nafisat ma ta sani. Ta kuma san wadda take magana da ita.

Bahijja ta dubi kwalaben da suka lalace, ta dubi Dela da ke ƙara nisa.

"Na samu lokaci, Hajiya. Yini guda na samu, kamar kowa. Gwiwa na kawo shi."

Hayaniyar ta ɗauke ɗif.

Sai wata tsohuwar murya daga nesa: "Innalillahi! Awaki ta zaɓa a kanmu?"

Wayar ta mutu.

Inno na tsaye a bayanta da ƙwaryar nono, ta ji komai.

"Ke dai bakinki tsirara yake yawo," ta ce. "Uwar miji ce fa. Ƙaryar kunya guda ɗaya, wa ta taɓa kashewa?"

"Na gaji da ita, Inno. Ita ake ciyar da ni kullum."

Inno ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta miƙa mata ƙwaryar.

"Sha. Gaskiya ba ta cika ciki."

*

Ranar Talata ya aiko cewa yana zuwa bayan la'asar. Ana shirin kiran magariba motarsa ta tsaya a ƙofar gidan Baffa. Ta same shi a zaure, ya rame, idonsa ya yi ja. Zuciyarta ta buga kamar yadda ta saba bugawa in ta gan shi, ta ji haushin hakan.

"Bahi na..."

"Sannu da zuwa. La'asar ɗin garinku doguwa ce."

"Wallahi ina fitowa ke nan wani maƙwabci..."

"Bar shi. Zauna."

Ya zauna a bakin tabarma, ya haɗa hannuwa.

"Gida ya kama da wuta. Su Gwaggo sun ce ba za a je sa rana ba. Sun ce tun kafin ki shigo kin nuna dangi ba komai ba ne a wurinki. Hajiya ba ta ce komai ba, shirun nan kuwa ya fi faɗan tsoro."

"To."

"Amma na gyara! Na ce mata babur ne ya lalace muku a daji, rana ta buge ki, ranki a ɓace yake shi ya sa kika yi maganar. Ta ce ki zo ki faɗa da bakinki. Shi ke nan fa, rabin raina! Ki durƙusa, ki ce babur ya lalace, Asabar a sa mana rana."

"Babur bai lalace ba."

"Na sani! Wa ya damu? Magana ce kawai!"

"Ka gaya mata kai ne ka ce za ka zo da asuba?"

Ya kawar da kai.

"Bahi, kin san yadda nake. Lokacina ba nawa ba ne. Uwa ce ta aike ni, ya zan yi?"

"Naka ne. Kullum da safe ake ba ka shi cikakke, kai kake rabawa. Wanda ya fi ɗaga murya shi kake ba. Ni ban iya ɗaga murya ba, shi ya sa nake cin ƙanzo."

"Subhanallahi! Ke ce fa a raina dare da rana!"

"A ranka nake, na yarda. A yininka ne ba ni."

Ya ɗago, idonsa ya ciko.

"Ina son ki, Bahijja. Wallahi ban taɓa son wata haka ba. Kada ki bari taurin kai ya raba mu."

Da ƙarya yake yi da abin ya zo mata da sauƙi. Amma gaskiya yake faɗa, ta sani, ita ma kuma haka take ji. Ta dubi hannuwansa, da tabon da waya ta ƙona shi a kan rufin ofishinsu. Ta ji tana so ta ce to, a wuce wurin.

"Zan je Babura ranar Alhamis," ta ce.

"Alhamdulillahi! Zan zo in ɗauke ki da sa..."

"A'a. Motar haya zan hau. Ka same ni can."

Washegari Laraba tana da tafiya. Ta samo wani maganin, ta kuma riga ta yi magana da Sama'ilu. Wannan karon ba ta jira kowa ba, da duku-duku suka kama hanya. Ta sami Dela a bakin rijiya. Awakinta biyu sun riga sun mutu. Ta yi wa sauran allura. Dela ta yi godiya, godiyar da ta fi zagi ciwo.

*

Ankon ta sa ranar Alhamis. Ta riƙo ƙwaryar man shanu da Inno ta bayar, a ɗaure da farin ƙyalle.

Hajiya Tasalla na zaune a kan darduma a ɗakinta, da carbi a hannu. Nafisat na gefenta tana yanke mata farce. Musaddiƙ na tsaye a bakin ƙofa, yau kam ya riga ta isowa.

Bahijja ta durƙusa har ƙasa. Ta gaishe ta, ta tambayi gajiyar biki, ta tambayi amarya, ta tura ƙwaryar gabanta.

"Inno ce ta ce a kawo miki."

"An gode. Allah Ya saka." Hajiya ta dubi ankon, ta daɗe tana dubansa. "Ya yi miki kyau. Da ranar aka gan shi da ya fi."

"Haka ne, Hajiya. Na zo ba da haƙuri. Na yi miki magana a gaban mutane yadda bai kamata 'ya ta yi wa uwa ba. Na kunyata ki a cikin danginki. Ki yafe mini."

"Na ji. An ce babur ne ya lalace muku."

Musaddiƙ ya gyaɗa mata kai daga bakin ƙofa, da sauri-sauri, idonsa na roƙo. Nafisat ta dakata da yankan farcen.

"Babur bai lalace ba, Hajiya."

"Bahi!" Musaddiƙ ya ce.

Hajiya ta ɗaga masa hannu. "Bar ta. Ci gaba."

"Na so in yi duka biyun. Shi ya sa na ɗinka ankon, yana cikin jakata har ruga. An yi da ni za a zo da mota da asuba, in gama da awaki da safe, azahar ta yi mini a nan. Motar ba ta zo ba. Da hantsi ya yi sai ya zama ɗaya zan ɗauka, ko biki ko mata da suka hana dabbobinsu kiwo suna jira na. Na ɗauki matan. Ba wanda ya tilasta ni. Ko yau aka maimaita, su zan ɗauka."

"Wa ya ce zai zo da mota?"

Bahijja ba ta dubi ƙofa ba.

Hajiya ce ta duba.

"Musaddiƙ. Kai ne?"

"Hajiya, ai... ke kika ce in je Ɗambatta."

"Na ce ka je. Ka ce mini kana da alkawari?"

Musaddiƙ ya dubi ƙasa.

"Da kai nake. Ka buɗe baki ka ce, Hajiya, na yi wa yarinyar nan alkawari, magani na hannunta?"

"Ban so in ɓata miki rai ba ranar biki..."

"Wane ɓacin rai? Motoci nawa ne a ƙofar gidan nan ranar? Ga ta Kawunka, ga ta mijin yayarka Halimatussa'adiyya, duk suna zaune suna cin waina. Da ka faɗa da wani na tura!" Ta juya ga Nafisat. "Ke kuma, da kika ce mini ba wanda ya san gidan mai kwalliyar sai shi, kin san da alkawarin?"

Nafisat ta sunkuyar da kai. "Ni dai... na ji kamar ya ambata."

"Kamar ya ambata. Tashi ki ba ni wuri."

Nafisat ta fita, ta bar abin yankan farcen a kan darduma.

Bahijja na durƙushe, amma ji ta yi kamar ƙasa ta matsa da ita. Duk watannin nan ta ɗauka da Hajiya take ja. Ta ɗauka uwa ce ke fizge shi, shi kuma ba yadda zai yi. Ashe ba a taɓa tsare shi ba. Baki kawai zai buɗe. Ya auna ran da zai ɓata, ya ga nata ya fi araha.

Hajiya ta ja carbinta, ta yi ajiyar zuciya.

"Bakinki da kaifi, 'yar nan. Sai kin koyi sa masa kube in za ki zauna da mutane. Amma na fi son wadda za ta ce mini ba ta zuwa, da wanda zai ce yana zuwa in yi ta dumama tuwo. Ubansa ma haka ya yi da ni har ya koma ga Allah, mutumin kirki, kowa nasa, ni ce dai ban gan shi ba." Ta yi ɗan murmushi, ba na daɗi ba. "Ki gai da Baffanki. Ki ce masa suna nan tafe ranar Asabar. Su Gwaggo ki bar ni da su."

"Na gode, Hajiya. Allah Ya ƙara girma."

*

A waje Musaddiƙ kamar ya yi tsalle. Ya riga ta zuwa mota, ya buɗe mata ƙofar gaba, yana dariyar nan tasa da ke sa mutum ya manta laifinsa.

"Kin gani? Kin gani, Bahi na? Wallahi ke ta daban ce! Na ɗauka kin rusa komai, ashe gyarawa kike. Daga yau na canza, na rantse. Ke ce farko, kowa ya biyo baya. Shiga in kai ki gida, amaryata."

Ta tsaya riƙe da murfin ƙofar. Ta dube shi sosai. Tana so ta yarda. Ƙafarta ɗaya har ta ɗaga.

Wayarsa ta yi kuka.

Ya duba, ya dube ta, ya yi 'yar dariya. Ta ga yatsansa ya tsaya a kan wayar. Ta jira. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai jira.

Ya ɗauka.

"Zaharadeen, ya aka yi? ... Ayya! A ina? ... To, to, kada ka damu. Ina zuwa."

Ya sa wayar a aljihu.

"Abokina ne, batirin shagonsa ya ƙi caji. Za mu ɗan biya ta Kanya Babba, yanzu-yanzu zan duba masa mu wuce. Ba za mu daɗe ba, hasken idona."

"Ka tambaye ni ko ina da abin yi da yamman nan?"

"Haba, Bahi, a kan hanya ne fa..."

"Akwai saniyar da zan duba a Roni kafin magariba. Na ce da mai ita zan zo."

"To ai saniya za ta..."

Ya tsaya. Shi ma ya ji abin da zai faɗa.

Ta sauke ƙafarta ƙasa. Hawaye ya zo, ta bar shi ya zubo, ba ta goge ba, muryarta kuma ba ta yi rawa ba.

"Ina son ka, Musaddiƙ. Ban san ranar da zan daina ba. Kai mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Je ka gyara masa batirin, da gaske nake, yana buƙatar ka."

"To ki shiga mana!"

"Na ga Hajiya yau. Na ga yadda mace ke komawa in ta ƙare rayuwarta tana dumama tuwo. Ni ba zan iya ba."

"Bahijja, don girman Allah... Asabar fa! Me zan ce wa mutane?"

"Kada ka ce babur ne ya lalace. Ka ce ni na ce."

Can bakin titi wata motar Kazaure na lodi, kwandasta na ƙwala kiran saura mutum ɗaya. Ta gyara mayafinta a kan ankon. Ankon za ta riƙe, Hajiya ce ta ba ta.

Ta tura ƙofar motarsa da tafin hannu. Ta rufu, garam, ita tana waje.

"Kada kowa ya zo ranar Asabar," ta ce. "Na fasa."